Ta Cinya Za a Bi Zuwa Zuciyar Baba

Shafi na 27

"To wai Baba me kake so a yi maka ne? Faɗa mana mu ji!"

"Na faɗa tun jiya. A tsaga ƙirjin."

Auta ta dafe kai da hannu biyu. Ta kalli Mama da ke zaune kan kujerar roba a gefen gadon asibitin, ta kalli Yaya Babba da ya jingina da taga yana latsa waya kamar ba a kan mahaifinsa ake magana ba. Babu wanda ya taya ta.

"Baba, don girman Allah ka saurare ni. Likitan sa barci ya zo da ƙafarsa ya gaya maka, ƙurar katako ta gama da huhunka. In aka kwantar da kai aka tsaga ƙirjin nan, ba lallai ka farka ba. Ba lallai ba fa, Baba!"

"Rai na Allah ne."

"Wa ya ce ba na Allah ba ne? Ai Shi ya kawo sauƙin. Ƙofar da jini yake fita daga zuciyarka ce ta tsuke, ta yi tauri kamar busasshen siminti. Dokta ya ce ba sai an yanka ka ba. Ɗan siririn bututu za a zura ta jijiyar matse-matsin cinya, a tura sabuwar ƙofa a naɗe kamar laima, in ta isa a buɗe ta a cikin tsohuwar. Shi kenan! Ko barci mai nauyi ba za a sa ka ba. Mene ne abin ƙi a nan?"

Baba ya ja numfashi da ƙyar, robar iska tana motsi a hancinsa. Duk majinyatan ɗakin suna sanye da rigar asibiti mai igiya a baya, shi kaɗai ne cikin doguwar rigarsa ta gida da faffaɗan wando, ga bargo har ciki duk da zafin ranar nan.

"Ni kafinta ne, Auta. Tun ban da gemu nake kafa ƙofa. Ban taɓa ganin inda ƙofar ɗaki ta lalace aka bi ta magudanar ruwa a gyara ta ba. Ta gaba ake zuwar mata."

Sai ga dariya daga bayan labule. Tsohon ɗan sandan da ke gadon kusa ne, ya janye labulen da sandarsa, kofin shayi a hannu.

"Maigida, ka bi maganar yarinya. Ni fa irinsa aka yi min, ga ni ina shan shayina. Ko zafi ban ji ba. Abin da kawai ya tsaya min, askin da suka yi min a inda mai aski bai taɓa leƙawa ba. Suka kware ni tas kamar jariri, suka shafe ni da wani jan magani mai sanyi, ni kuwa na kafa wa silin ido ina salati. Na ce yau ga wanda ya yi ta tuɓe wa ɓarayi wando a caji ofis, an rama musu!"

Yaya Babba ya tuntsire da dariya har wayarsa ta kusa faɗuwa.

Baba bai yi dariya ba. Hannu ya sa ya ƙara jan bargon sama.

"Ka ji ko, Baba?" in ji Auta. "Ka ji wanda aka yi wa."

"Na ji. Allah ya ƙara masa lafiya. Ni ba za a yi min ba."

Nan haƙurin Auta ya ƙare. Rabonta da barcin kirki har ta manta. Jiya da hantsi a ƙasan banɗaki aka tsince shi a sume, don ya ƙi yarda nas ta raka shi, ya ƙi yarda a kawo masa mazubi kan gado, ya kulle ƙofa ta ciki sai da aka ɓalle ta. Kuma Dokta, mutumin da take jiran a sallami Baba a sa ranar aurensu, ya gaya mata a fili cewa suma ta gaba tana iya zama ta ƙarshe.

Ta matso kusa da gadon.

"Baba, ko dai don Dokta ne?"

"Auta," in ji Mama a hankali.

"A'a Mama, a bar ni in faɗa! Tun da aka ce shi zai yi aikin Baba ya canza. In ya shigo sai ka juya fuska bango. In ya gaishe ka da ƙyar kake amsawa. In ba ka son in aure shi, ka fito ka ce ba ka so, wallahi ba sai ka kashe kanka don ka nuna min ba! Ko kuwa tsoro ne? Babban mutum kamarka, ɗan bututu kake tsoro?"

Nas ɗin da ke duba ƙarin ruwa a gadon ƙarshe ta tsaya cak. Tsohon ɗan sanda ya mayar da labulensa a hankali.

Baba ya dube ta. Babu fushi a idonsa, da ma fushin ne da ya fi mata sauƙi. Kallon ta kawai ya yi, sannan ya sauke ido kan bargonsa.

Mama ta miƙe. Ta damƙi wuyan hannun Auta ta ja ta waje. Suka wuce teburin nas-nas, suka wuce ɗakin magani, har bayan matakalar bene inda masu shara suke ajiye bokitai da tsumman goge ƙasa. Nan ta sake ta.

"Kin gama?"

"Mama ni fa ceton ransa nake..."

"Na ce kin gama? Kin gama tsiraita ubanki a gaban baƙi?"

Mama ta leƙa sama, ta leƙa ƙasa, ta tabbatar babu mai saukowa. Sai ta rage murya har da ƙyar ake ji.

"Babanki yana da lalura."

"Ai na sani, zuciyar..."

"Ba ita ba. A ƙasa."

"Wace irin lalura kuma?"

Mama ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Kin tuna mai facin taya na bakin layinmu, kina ƙarama?"

Auta ta zaro ido.

Ta tuna shi mana. Wa zai manta shi? Mutumin da yake tafiya a tattale saboda gwaiwa, yaran layi suna bin sa a baya suna kwaikwayonsa.

"Irin tasa," in ji Mama. "Har ta fi."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba? Babana?"

"Tun yana saɓa katako a kafaɗa yana hawa bene da shi. Ta fara kamar ƙwai. Na yi na yi ya je asibiti, ya ce gobe, in ya gama aikin wane. Lokacin ina goye da ke. Da ta yi girma kuma sai ya ce ai yanzu ta wuce a nuna wa mutum. Duk duniya daga shi sai ni. Ko yayanki bai sani ba. Ke kin taɓa ganin tela ya auna Babanku? Duk wandon da ke jikinsa ni na yanka, ni na ɗinka, a ɗaki, ƙofa a rufe."

Auta ta jingina da bango.

Abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya, kowanne da nasa marin. Yadda Baba ba ya zama a ƙasa in da mutane. Yadda yake ɗora jarida a cinya ko ba karantawa yake ba. Kayan motsa jikin da ta saya masa da albashinta na farko, riga da matsattsen wando, ta yi ta fushi da shi don ko gwadawa bai yi ba, har ta ce masa raina kyautarta ya yi.

Sai kuma wanda ya fi duka. Duk yaran layin babu wanda ya kai ta iya kwaikwayon mai facin taya. Takan cusa ƙwallon Yaya a cikin siket, ta zo tsakar gida tana tattale ƙafa, kowa ya yi ta dariya har da riƙe ciki. A gaban Baba take yi. Kuma shi ma yana dariya. Yana dariya yana cewa, "Kai, Autata ba dama."

Ta toshe baki da tafin hannu, kuka ya ƙwace mata.

"Mama, na shiga uku. Mama, a gabansa nake yi..."

"Yarinta ce, wannan bai taɓa riƙe ki da shi ba. Amma ki duba min. Ta wurin nan aka ce za a bi. Ido biyu. Kuma wa zai tsaya a kansa? Yaron da zai riƙa zuwa gida yana durƙusa masa yana cewa Baba ina kwana. Wallahi son da Babanki yake wa yaron nan ko yayanki bai samu ba. Shi ya sa ma abin ya fi masa ciwo."

"To me ya sa ba ku faɗa ba?"

"A faɗa wa wa? Ke?" Mama ta kama haɓarta ta ɗago fuskarta. "Saurara. Na gaya miki ne don ki daina caccakar sa, ba don ki gyara komai ba. Na san ki da gaggawa. In ya san kin sani, kin gama da shi kafin zuciyar ta gama. Ki ce min kin ji."

"Na ji, Mama."

"Wanke fuskarki kafin ki dawo."

Ba ta wanke ba. Mama na juya baya ta haye bene da gudu, ta bi dogon barandan nan har ofishin Dokta, ta tura ƙofar ko sallama babu.

Yana zaune gaban kwamfuta da shuɗin kayan aiki, hular tiyata a ture baya, idonsa jawur don gajiya. Da ya gan ta sai fuskarsa ta saki, irin sakin da kullum yake sa ta manta abin da ya kawo ta.

"Rigimammiya. Wa ya taɓa min ke kuma?"

Yau sakin fuskar bai yi aiki a kanta ba. Ta tsaya a bakin teburin, ta kasa haɗa ido da shi.

"Hoton da aka yi wa Baba a cikin injin nan mai kama da rami. Daga ina zuwa ina yake ɗauka?"

Murmushinsa ya ɗauke. Ya miƙa hannu ya kashe fuskar kwamfutar.

"Daga wuya zuwa cinya. Dole mu auna duk jijiyar da bututun zai bi."

"Ai da wandonsa ya shiga. Ya ce sai da aka bar shi da wandonsa ya yarda."

"Injin ba ruwansa da wando."

"Ka gani kenan."

"Ba zan yi maganar jikin majinyaci da ke ba sai da izininsa, ko da ke 'yarsa ce."

"Ka amsa ai."

Ya kawar da kai. Ita kuwa ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Wannan mutumin da take yi wa kwalliya, take tauna magana kafin ta furta a gabansa, ashe duk kwanakin nan yana ɗauke da sirrin gidansu yana mata murmushi. Ta rasa kunyar wa take ji, tasa, ko ta Baba, ko ta kanta.

Ya taso ya zagayo, ya tsaya nesa kaɗan da ita.

"Dube ni. Abu ɗaya zan iya gaya miki, babu abin da na gani da zai hana aikin. Jijiyar hagu a buɗe take, shimfiɗaɗɗiya kamar sabon titi. Ta nan zan bi."

"Babu wata hanyar? Ka ce wani lokaci ana bi ta kafaɗa."

"Na duba har idona ya yi ciwo. Jijiyoyinsa na kafaɗa sun tsuke, in na matsa zan iya ɓallo abin da zai tafi ƙwaƙwalwa."

"To wani ya yi mana. Ba kai ba."

"Maigidana da ya koya min yana can yana jinyar kansa. Sauran masu yi kuma suna da nisa, ga layi. Zuciyar Baba ba za ta ɗauki tafiyar ba, ba za ta ɗauki jiran ba. Kina ganin da akwai wani likitan, zan yi ta tsayawa ina kallon yana juya min baya?"

Ta share hawaye da bayan hannu.

"Ban san dalilinsa ba fa da farko," ya ci gaba. "Na ɗauka raina shekaruna ya yi. Sai jiya da aka ɓalle ƙofar banɗaki, yana farfaɗowa abin da ya fara yi rigarsa ya ja ƙasa, kafin ma ya tambayi inda yake. Nan na gane. Wallahi ni in na shiga ɗakin aiki ba mutum nake gani ba, jijiya nake gani. Namijin nas ne zai shirya shi, a lulluɓe shi da zane daga wuya har ƙafa, abin da za a bar min bai fi tafin hannu ba."

"Kai jijiya kake gani. Shi mijin 'yarsa yake gani."

Ya shafa kansa.

"Ki ba ni zuwa yamma. Zan same shi mu biyu, in yi masa bayanin zanen rufar kamar haka nake wa kowa, ba tare da na taɓo komai ba. Ke dai kada ki ce masa uffan. Kin ji, Rigimammiya? Uffan."

Ta gyaɗa kai ta fita.

Ta tsaya a famfon baranda ta watsa ruwa a fuska, ta ce a ranta haƙuri kawai za ta ba shi. Ta durƙusa ta ce Baba ka yafe min, shi kenan, ta kama bakinta.

Tana shiga ɗakin ta ga an canza. An fita da tsohon ɗan sanda ɗaukar hoto, gadonsa a yamutse babu kowa. Yaya Babba ba ya nan. Mama tana ninke tawul tana cusawa a jaka, idonta a ƙasa. Baba kuwa yana zaune a bakin gado, ya cire robar iska, ya sa hularsa, takalmansa a ƙafa. Leɓensa ya yi wani irin duhu, kafaɗunsa suna hawa suna sauka.

"Ina Yaya?"

"Ya je kawo mota," in ji Mama.

"Mota kuma? Zuwa ina?"

"Gida," in ji Baba. "Na gode musu. Sun yi iya yinsu."

Ta zube a gabansa, gwiwoyinta suka bugi tayil.

"Baba ka yafe min. Maganar da na yi ɗazu, wallahi bakina ne, ban san..."

Ya ɗora hannu a kanta. Hannun nan mai kaushi da tabon zarto, yau ba shi da nauyi ko kaɗan.

"Tashi, Autata. Ba ki yi min komai ba. Tsoro ya sa ki, na sani." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Yaron nan mutumin kirki ne. Ki riƙe shi. Na gaya wa yayanki a matso da maganar aurenku kusa, ina so in gani da idona."

"Baba in ka fita daga nan..."

"Gadona ya fi min wannan. Akwai ma wata kujera da ban gama ba a shago, ta ɗakinki ce."

Ya dafa ƙarfen gado zai miƙe. Ta ga yadda jijiyar wuyansa take harbawa, ta ga yana lumshe ido don jiri. A idonta sai ta gan shi kwance a ƙasan banɗakin gida, ƙofa a kulle, babu mai ɓallewa da wuri. Duk abin da Mama ta ce, duk abin da Dokta ya ce, ya bi iska. Ta riƙe ƙafarsa gam.

"Baba ai ya riga ya gani! Tun ranar hoton ya gani, kuma bai ɗauke shi komai ba! Ta hagu zai bi, za a rufe ka, ba abin da..."

Murfin filas ya suɓuce daga hannun Mama, ya yi ta gangarawa har ƙarƙashin gado.

Sai a lokacin Auta ta ji abin da bakinta ya faɗa.

Baba ya koma ya zauna a hankali. Hannun da ke kanta ya janye. Ya kamo gefen bargo ya jawo shi kan cinyarsa, a kan rigar, a kan wandon, yana gyara shi.

"Ya gani," ya ce.

Ya dubi Auta.

"Ke ma kin sani."

"Baba..."

Ya juya ya dubi Mama. Tsawon zamansu Auta ba ta taɓa ganin ya yi mata irin wannan kallon ba. Mama ta rufe fuska da tawul ɗin da ke hannunta, kafaɗunta suna girgiza.

"Da wandona fa na shiga injin nan," in ji Baba, kamar da kansa yake magana. "Na tambayi yaron da ke wurin, na ce ba sai na cire ba? Ya ce ba sai na cire ba."

Auta ta kifa goshinta a kan takalminsa. Da za a ba ta wuƙa a lokacin, harshenta za ta fara yankewa.

Aka turo ƙofa da sauri. Dokta ne, nas ta kira shi ta ce majinyacinsa yana shirin tafiya. Kallo ɗaya ya yi wa Auta a ƙasa, ya yi wa Mama, ya yi wa bargon, ya gane komai. Ya rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ya cire hular kansa, ya rage tsawo a gefen gadon.

"Baba, barka da rana."

"Tashi. Likita ba ya durƙusa wa majinyaci."

"Ni ba likita ne kawai ba a wurinka, Baba."

"Ai ita ce matsalar."

Baba bai kalle shi ba. Bango yake kallo, daidai inda fenti ya ɓare.

"Baba, ka bar ni in mayar maka da iskar nan tukuna."

"Bar ta. Maganar ba ta da tsawo."

"To ka ji ni. Abin nan lalura ce kamar kowace. A sati guda irinta nawa nake gani, manya da yara, masu kuɗi da malamai. Ana gyara ta ma, in zuciyar ta samu lafiya. Wallahi tallahi darajarka a idona ko ƙwayar zarra ba ta ragu ba."

"Na yarda da kai. Kai ka saba." Ya ja numfashi. "Ni ban saba ba."

"Baba..."

"Bari in gama, numfashin aro nake. Duk ranar da ka zo gidana ka sunkuyar da kai, ta ina zan san ladabi ne ko dariya kake ɓoyewa? In ka kawo min jikokina, in ɗauke su a wace cinyar kana kallo?" Ya shafa fuska da tafin hannu. "Na so in tafi a rufe, ku yi aurenku, ka riƙa tuna ni da hulata a kai. To an riga an buɗe. Ba komai. Hoto inuwa ce, zan iya haɗiye ta. In na koma gida, abin da ya rage min kaɗan ne, kunyar kwana kaɗan ba za ta gagare ni ba. Amma in kwanta ido biyu ka tsaya a kaina, ka gyara ni, in tashi in yi shekaru ina amsa gaisuwarka? Wannan ba zan iya ba, ɗana. Ka yafe min."

Dokta ya dafa ƙarfen gado. Idonsa ya ciko.

Daga ƙasa aka ji hon ɗin motar Yaya Babba.

Auta ta ɗago kai a hankali. Hawayen ya tsaya, fuskar ta bushe kamar ba ita ke kuka ba.

"Baba. In da ba shi zan aura ba fa? In da likita ne kawai, ba ka san shi ba, bai san gidanmu ba?"

"Da baƙo ne ai da tuni an wuce wurin. Baƙo gani yake ya wuce, ba ka sake haɗa hanya da shi."

"Rigimammiya," in ji Dokta da sauri, muryarsa can ƙasa. "Kar ki yi. Don Allah tsaya mu yi tunani."

Ba ta kalle shi ba. Ta san in ta kalli idon nan ba za ta iya ba. Ta sunkuya ta zare wa Baba takalmin dama, ta zare na hagu, ta tura su ƙarƙashin gado. Ta ɗauko robar iska ta mayar masa a hanci, ta gyara ta a bayan kunnuwansa. Sannan ta miƙe tsaye, ta juya wa mutumin da take so fiye da numfashinta baya.

"Mama, ki kira Yaya ki ce ya kashe motar, babu inda za mu. Baba, ga baƙonka nan." Ba ta waiwayi Dokta ba. "Likita, je ka shirya ɗakin aikinka. Ni na fasa auren."